Ranar da Aka Buɗe Gwangwanin Dakta Hambali

Ku gyara zama, ga wata nan ta iso muku. Ba daga bakin kaka ta fito ba, daga bakina ta fito, ni Jatau, wanda aka yi rabin abin a gaban idonsa, sauran rabin kuma ya bi gida gida ya tattaro. Wanda ya san dariya yake ji ya yi ta tun yanzu ya gama, don nan gaba kaɗan kansa zai sunkuyar. In na kai ƙarshe kuma akwai shari'a, ku ne alƙalan.

A garinmu Dogon Marke an yi wani yaro, Hambali, ɗan farin Iya Tabawa. Benci ɗaya muka zauna da shi har aji biyu na sakandare, inda na duba na ga malaman nan ba su da sauran abin da za su koya mini, na bar musu makarantarsu. Shi da yake kansa a hankali yake ɗaukar abu, sai ya zauna ya ci gaba, ya yi jami'a, ya ƙetare har Koriya, ya zama Dakta. Ku kuma riƙe wannan: ni na fara nuna masa yadda ake haɗa batir da waya da ƙwan tocila wuta ta kama. Har yau bai taɓa musawa ba.

Da labari ya zo gari cewa duk shekarun nan karatun batir yake yi, aka yi ta dariya. Masu cajin batir na bakin tasha suka ce ai da nan aka kawo shi, da damina ɗaya sun yaye shi. Amma ga yadda abin yake, don ni ya zaunar da ni ya yi mini bayani, na kuwa gane tun kafin ya rufe baki. Batirin da kuka sani, na mota da na waya, akwai ruwan sinadari a cikinsa, ta nan wuta take bi ta je ta dawo. Ruwan nan shi ke zuba, shi ke kumbura waya, shi ke kamawa da wuta. Su Hambali so suke su yi batirin da babu ko ɗigon ruwa a cikinsa. Wata hoda suke haɗawa da farar wuta da litiyam, dutsen nan da ake ta haƙa yanzu a dazuka, su danne ta ta zama ɗan faifai kamar kwabo, shi zai tsaya a maimakon ruwan. Shekara da shekaru faifan Hambali na tsagewa. Ya danna ya tsage, ya gasa ya tsage, ran da bai tsage ba kuma sai ƙarfe ya yi wata siririyar saiwa ta huda shi, batirin ya mutu. Sai da gashin gaban kansa ya gudu sannan ya dace da haɗin da ya tsaya.

Sai dai hodar nan tana da maƙiyi guda, danshi. A can cikin akwatin gilashi suke taɓa ta da safar roba, akwatin cike da wata busasshiyar iska da ake kira agon. In iskarmu ta Allah ta taɓa ta, ta lalace kenan, kuma sai ta dinga fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai, warin da in ya taru a rufaffen ɗaki yana iya kayar da ƙato.

Da aikinsa ya ƙare a can, rabon da aka ba shi kwalabe uku ne ƙanana na hodar, cikin gwangwanin ƙarfe da aka cika da agon aka like. Wata cibiyar bincike a Abuja ta ce in hodar ta ci gwaji za a ba shi ɗakin bincike nasa na kansa, ya zauna a ƙasarsa. Su kuma ba sa yarda da gwaji ɗaya sai na biyu ya maimaita shi, kowane gwaji da kwalbarsa. Kenan biyu dole ne, ta uku ta ko-ta-kwana ce. In hodar ba ta ci ba, Hambali ya koma neman aiki a ƙasar wasu, uwarsa ta ƙarasa tsufanta ba shi.

Kafin ya wuce Abuja sai ya biyo ta gida, tsakiyar damina, ranar da aka kwana ana ruwa har bango na gumi.

Kun san yadda uwa take da ɗan fari a wajenmu. Tun da Iya Tabawa ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. "Wancan" take cewa, in ta ji daɗi ta ce "mutumin nan". Da ya durƙusa a bakin ƙofarta, bango ta juya ta tambaya ko an zo lafiya, shi ma ya amsa wa bangon. Aka shigar da jakarsa ɗakinta, don jakar matafiyi ɗakin uwa ake kai ta, ita ke raba tsaraba. Hambali ya tsaya da ɗan kwaɗon jaka a hannu. Ya za a yi ɗa ya dawo bayan shekaru ya datse jaka a ɗakin uwarsa, kamar ya sauka gidan da bai yarda da mutanensa ba? Ya kuma za a yi ya buɗe baki ya ce da ita kada ta taɓa kaza? In ya ɗauki gwangwanin ya tafi da shi gaida Dagaci kuwa, fadawa su ce gaisuwar maigari ce, su karɓe. Mutumin da ya tsaya gaban furofesoshi ya yi bayani da Turanci, sai ga shi ya jefa kwaɗon a aljihu, ya ce a ransa yanzun nan zai dawo, ya fice zuwa fada. Wayarsa ma babu layin ƙasar nan a kanta, ya bar ta tana caji.

Iya Tabawa ta raba yadudduka, ta raba sabulai, ta ware agogo. Can ƙasan jaka ta tarar da gwangwani naɗe cikin soso. Ta sa bakin wuƙa ta ɓamɓare likin, abin ya yi fiss. Ga kwalabe uku, kowace an lulluɓe ta da auduga kamar jaririya. Ta ce abin da aka yi wa wannan gata ai turare ne, kuma na Baffansa Nasidi ne, tunda shi ke da shagon turare. Ranar kuwa iyayen Mudi, mai neman auren ƙanwar Dakta, Lantana, za su zo yi wa Dakta barka da zuwa, a kuma taɓa maganar sa rana. Iya ta so baƙi su shigo su ji gidan ya yi ƙamshin ƙasar waje. Ta buɗe kwalba ɗaya, ta ga hoda, ta shinshina ta ji wani ɗan bashi-bashi. Ta ce ai kayan ƙamshi masu tsada haka suke farawa, ko farcen haɗa turare ma kafin a soya shi ba ya shinshinuwa. Ta juye hodar a ɗan faranti, ta ajiye bayan kujerar falo don ta sha iska ta buɗe, ta jingina gwangwanin a gefe da sauran biyun a ciki, murfin a karkace.

To, ga na farko cikin mutum ukun da za ku yi wa shari'a.

Baffa Nasidi ƙanin marigayi mijin Iya ne, shi ne uban gidan yanzu. Mutum ne mai farar riga da ba a taɓa ganin ɗigon miya a kanta ba. In ya bi ta layinku, ko ya yi nisa sai kun san ya wuce. Amare daga ƙauyuka shagonsa ake kawo su zaɓen turare, don an ce hancinsa ba ya kuskure. Shi ya tarbi baƙi bayan azahar: mahaifin Mudi, da ƙanin mahaifin, Ɗan'azumi, shugaban 'yan sintirin gari. Shi Ɗan'azumi salon bincikensa ɗaya ne. Duk abin da bai gane ba sai ya buɗe, ya shinshina, ya zazzage a ƙasa ya tona da sanda, sannan ya tambayi mai shi ko mene ne.

Suna zama ruwa ya sake saukowa, aka rufe tagogi. Ana cikin tambayar gajiya da iyali sai warin ya fara tasowa. Da farko kowa ya yi kamar bai ji ba. Mahaifin Mudi ya ja gefen rawani ya rufe hanci yana tarin ƙarya. Baffa ya ƙura wa silin ido. Kowa na zargin na kusa da shi, kowa na tsoron kada a zarge shi. Warin nan ya ƙi wucewa yadda irinsa ya saba, sai ƙara kauri yake. Sai Ɗan'azumi ya miƙe yana jan hanci.

"Alhaji, wannan wari ba na ɗan Adam ba ne. Ni na san aikina. An ce yaron nan naku sinadarai yake haɗawa a waje, ko ba haka ba?"

Ya nufi bayan kujera yana bin warin. Daga inda Baffa yake zaune ya hango gefen gwangwani mai rubutun ƙasar waje, da bakin farantin Iya. Bai san mene ne a ciki ba, amma ya san abu biyu. In hannun Ɗan'azumi ya sauka a kan kayan Hambali, sun zama ƙasa. Kuma kafin la'asar gari zai ɗauka cewa Dakta ya shigo da guba, uwarsa ta ajiye wa surukai.

"Ɗan'azumi, dawo ka zauna," in ji Baffa. "Na ɗan Adam ne. Nawa ne."

Baƙin suka juyo suka dube shi, shi kuwa ya ci gaba.

"Wake na ci da safe, da ƙwai a kai. Cikin nan nawa ba lafiya. Ku gafarce ni, ku fita ku sha iska, don ina jin da saura."

Dattijo mai furfura, a gaban surukan 'yarsa, da bakinsa. Baƙin nan ko sallama ba su yi daidai ba suka fice cikin ruwa, mahaifin Mudi har ya sa takalmin ƙaninsa. Baffa ya buɗe tagogi, ya toshe hanci ya fitar da farantin can bayan gida, kansa na sarawa. Sannan ya shiga cikin gida ya tsaya a tsakar gida, idonsa jajir, ya ce, "Tabawa, don girman Allah me kika ajiye mana?"

Ga ta biyu.

Iya ta ji abin da ya faru. Ta gane ba turare ba ne, ta gane aikin ɗanta ne ta juye a faranti, ga kuma sauran biyun a gwangwani buɗe ba wanda ya san yadda za a yi da su sai mai su. Aka aiki maƙwabci fada ya kira Dakta. Ya dawo ya ce Dagaci ya zaunar da shi a damansa, dattawa na sa albarka ɗaya bayan ɗaya, an kuma ce ba mai tashi sai an ci abinci. Da ya matsa, dogari ya ce masa wane gida ne yake da gaggawar da ta fi ta fada? Aka ce Baffa ya je da kansa. Baffa ya ce shi yau ko gobara ce a cikin ɗakinsa za ta same shi, don ya riga ya ji ana dariya a layi.

Sai Iya Tabawa ta ja mayafi. Matar da rabonta da bi ta ƙofar fada tun tana amarya, ta ratsa taɓo har gaban rumfar da maza suka cika. Ina wajen, don an gayyace ni a matsayin malaminsa na farko, wato dai na gayyaci kaina. Dogari ya tare ta.

"Iya, lafiya? Wa kike nema?"

"Wancan."

"Wanne?"

"Mutumin nan da ya zo."

"Iya, ai mutane da yawa sun zo. Faɗi sunansa, ko ki koma gida in an tashi a turo miki shi."

Ta dubi ƙasa, ta dubi rumfar, ta rufe ido, sannan ta ɗaga murya yadda har mai tallan gyaɗa a tsallaken hanya ya waigo.

"Hambali!"

Dattijon da ke tsakiyar addu'a ya tsaya da hannuwa a sama. Ba wanda bai san ɗan farinta ne ba. Ba ta tsaya nan ba, don ta ga ɗan nata ya daskare a zaune, bai yarda kunnensa gaskiya ya faɗa masa ba.

"Hambali, taso. Na buɗe maka kaya, na yi maka ɓarna."

Uwa ta kira sunan ɗan farinta a gaban Dagaci, ta kuma amsa laifi a gabansa da gaban gari. Ni da ba a san ni da kunya ba, ni da na taɓa shiga gidan biki uku rana ɗaya a matsayin wan ango, sai da na nemi inda zan sa idona na rasa. Hambali ya miƙe ba izini ba sallama, ya bar takalmansa a ƙofar rumfa, ya bi bayanta a guje. Ba wanda ya iya cewa ya tsaya.

Ga ta uku, kuma tata ta fi tsawo, don sai na koma baya kaɗan.

Da Dakta ya duba, ya ce kwalbar farko ta tafi har abada. Sauran biyun da ransu, amma murafunsu ba a yi su don su tsare danshi su kaɗai ba, busasshiyar iskar gwangwanin ce ke tsaronsu, ita kuwa ta fice tun da aka ji fiss. In ba a sake cika gwangwanin da agon an like ba kafin yamma, a wannan daminar, sai dai ya kai wa mutanen Abuja ruɓaɓɓen ƙwai. Ina za a sami agon a Dogon Marke? Mutum ɗaya ke da tukunyarsa, Sallau mai walda na bakin titi, wanda yake like wa tireloli tankunan alminiyom da shi.

Sallau kuwa tsohon mijin Lantana ne. Aurensu bai mutu cikin daɗi ba. Ranar da ta bar gidansa ta tsaya a tsakiyar kasuwa ta ce ai mutumin nan ko gadon da ya yi musu da hannunsa karyewa ya yi da su, duk wanda ya ba shi aikin ƙofa ya san akuya ma ba za ta tsaru ba. Gadon bai taɓa karyewa ba, fushi ne kawai. Amma maganar ta zauna. Mutanen gari suka ɗauke masa aikin ƙofa da taga, ya koma sai baƙin direbobi da ba su ji labari ba.

Dakta ya je da kansa, ba takalmi, ya yi bayani. Sallau ya ɗaga gilashin waldarsa ya dube shi.

"Dakta, ni ba ni da matsala da kai, ina ma jin daɗin ganinka. Amma tukunyar nan ba ta shiga gidanku. Wadda ta ɓata ni, ita za ta zo ta gyara. Inda ta ɓata, da muryar da ta ɓata."

Aka kawo wa Lantana saƙo. Lantana fa mace ce mai ji da kanta, mai sayar da atamfofi, wadda ko ciniki ake da ita ba ta sauko wa mutum sau biyu. Tun rabuwarsu ta yi rantsuwa a gaban ƙawayenta cewa inuwar shagon Sallau ma ba za ta sake taka ta ba. Ta dubi wanta tsugune gaban gwangwani ya dafe kai, ta dubi ƙofar ɗakin uwarta da aka turo tun dawowa daga fada. Sai ta fita.

Abin da ba ta sani ba, iyayen Mudi da suka gudo daga falo rumfar mai shayi suka fake, daidai tsallaken shagon Sallau, suna jiran ruwa ya ɗauke. A gabansu ta iso. A gabansu ta durƙusa wa tsohon mijinta cikin taɓo ta ce, "Malam Sallau, ka yi haƙuri." Sallau ya ce ai shi ya daɗe da haƙura, kasuwa ce ba ta ji ba. Ya aro lasifikar mai tallan maganin basir ya miƙa mata. Ta karɓa ta fuskanci kasuwar da ke dab da shagon.

"Jama'a, ni ce Lantana 'yar gidan marigayi Malam Hashimu. Maganar da na yi a kan gadon Sallau ƙarya na yi. Gadon yana nan, bai taɓa ko motsi ba."

Wani ɗan iska daga cikin tasha ya ce ba a ji ba, a maimaita. An ce muryar ta yi kama da tawa, amma muryoyi na kama da juna. Ta maimaita.

Sannan tukunyar agon doguwa ce mai nauyi, a baro ake tura ta, dole wani ya riƙe kanta kada ta faɗi. Yaran shagon duk sun tafi cin abinci. Haka aka ga Sallau na tura baro, Lantana na riƙe da kan tukunya, kafaɗa da kafaɗa, tun daga bakin titi har ƙofar gidan uwarta. Matan layi suka leƙo suna tambayar juna ko biko aka yi. Mahaifin Mudi ya ajiye kofin shayinsa bai shanye ba.

A tsakar gida Dakta ya sa gwangwanin cikin babbar leda, aka zura tiyo, Sallau ya murɗa, iska ta kori iska, aka rufe aka like da duk salatif ɗin da ke unguwar. Washegari ya wuce Abuja. Gwajin farko ya ci, na biyu ya maimaita shi. Aka ba shi ɗakin bincikensa, yanzu duk ƙarshen wata yana gida, yana durƙusawa yana gaida bango.

Sai dai abin bai tafi a banza ba. Baffa Nasidi, yara in sun hango farar rigarsa sai su toshe hanci su ce da saura. Iyayen amare suka koma wani shago, wai ba za a sayi ƙamshi a hannun mai wannan ciki ba. Kuma ba shi da halin wanke kansa, don in ya faɗi gaskiya Ɗan'azumi zai gane an raina masa hankali a bakin aikinsa, ga maganar guba za ta taso sabuwa. Iya Tabawa ta daina zuwa suna da biki, don tana shiga taro sai ta ji wata tsohuwa ta ce a bayanta, ga wadda ta kira shi gatsal a gaban maza. Lantana kuma, iyayen Mudi suka aiko cewa a ɗan dakata da maganar sa rana. Har yau ana dakatawar.

Dakta kansa ba ya iya haɗa ido da ko ɗaya cikinsu. Ya ce mini, "Jatau, kalma biyar da na faɗa wa bangon nan da duk haka ba ta faru ba." Na ce masa da ni ya bar wa gwangwanin ma da ba a yi haka ba, amma ba ya jin shawara tun muna aji ɗaya.

To, sai mutanen cibiyar suka ce sabuwar hoda dole a raɗa mata suna, sunan da za a rubuta a takardun masana har ƙasashen waje, a kuma manna a ƙofar ɗakin bincikensa. Suna ɗaya ake so. Dakta ya ce ba nasa za a sa ba, takwara zai yi wa ɗaya cikin mutum ukun nan. Ya zo gida ya faɗa. Baffa ya ce, "Ni za a liƙa wa sunana a kan abin da ke wannan wari? Wanda aka liƙa mini bai isa ba?" Amma aka ga ya goge ido da hannun riga. Iya ta juya wa bango ta ce a gaya wa wancan ita ɓarna ta yi, ba a yi wa ɓarna takwara. Lantana ta ce a bar ta ta ji da abin da ke damunta, ta shige ɗaki, sai dai ba ta rufe ƙofar duka ba.

Da maganar ta fito majalisarmu, mu 'yan kaɗan da muka san cikinta, har shayi ya huce ba a sha ba. Masu goyon Baffa suka ce shi ne farko, da bai buɗe baki ba da Ɗan'azumi ya zazzage kwalaben a ƙasa, babu abin da Iya za ta kira ɗanta a kai, babu abin da Lantana za ta ɗauko wa tukunya. Suka ce kuma shi kaɗai ya ɗauki kunyar abin da bai yi ba, kuma zai mutu da ita ba a wanke shi ba. Aka ce musu to ai shi a gaban mutum biyu ya yi tasa, cikin numfashi ɗaya, da aka ce ya fita fada kuma ya noƙe.

Masu goyon Iya suka ce ku dubi abin da ta karya. Abin da ta riƙe tun ranar da ta haihu, wanda uwarta ta riƙe, kakarta ta riƙe, ta ajiye shi a taɓon ƙofar fada don kada aikin ɗanta ya mutu. Da ba ta kira ba, da Dakta na can yana cin tuwon Dagaci har hodar ta gama shan danshi. Aka ce musu ita ta buɗe gwangwanin. Suka ce wa ya gaya mata kada ta buɗe?

Masu goyon Lantana suka ce Baffa ya ɓoye gwangwani, Iya ta kira mai gwangwani, amma duk da haka da yamma ta yi hodar mutuwa za ta yi in babu tukunyar Sallau. Ita ta durƙusa, ita ta ƙaryata kanta a lasifika sau biyu, ita kaɗai ce kuma aurenta ya tsaya a kai. Aka ce musu ƙaryar da ta janye ai tata ce, da ma can ya kamata ta janye ta ko babu hoda. Suka ce da ma can ɗin, wa cikinku ya taɓa janye tasa a lasifika, surukai na kallo?

Ni da a ce ni aka tambaya, da tuni na yanke, don irin wannan ba ya ɗaukar mini lokaci. Amma Dakta ya ce in kawo muku, mutanen Abuja na jiran suna.

To, jama'a, tsakanin Baffa Nasidi da ya amsa warin da ba nasa ba, da Iya Tabawa da ta kira sunan ɗan farinta a gaban fada, da Lantana da ta durƙusa wa Sallau a gaban surukanta, wane ne ya haɗiyi kunyar da ta fi ɗaci, har ya cancanci a raɗa wa hodar nan sunansa?